Fetur mai tafasa da ruɓaɓɓen shasi a tsohuwar Land Rover

Wani ƙorafi da ake yi kan Land Rover Series III, wadda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985, shi ne ta ƙi tashi bayan doguwar tafiya cikin rana. Kanikawa sun ce zafin bututun hayaƙi ke dafa fetur a tiyon mai da kafireta, sai famfon mai ya riƙa jan tururi. Shawararsu: a nesanta tiyon mai da injin, a sa farantin kare zafi, in ta ƙi a ɗaura famfon lantarki kusa da tanki. Wannan ta ƙarshe ta fi kwanta mini.

Batun tsatsar shasi kuwa kanikawan sun ɗan ja. Masu son walda sun ce faci ya wadatar, amma mafi yawa sun ce in tsatsa ta cinye ƙarfen bayan shasin, a sayi sabon shasi mai rufin zinc, a sabunta bututun birki tun bodi na ɗage daga kan shasi.