Me za mu kira tudun da ake ƙara wa ƙotar bindiga?

Salamu alaikum 'yan uwa. Kalmar Turancin da muke nema wa suna da Hausa yau daga fagen farauta da wasan harbi ta fito: cheek rest, wasu kuma su ce cheek riser. Abu ne da ake ɗorawa a saman ƙotar bindiga, daidai inda mai harbi yake kwantar da kuncinsa, don idonsa ya zo daidai da madubin saiti, wato gilashin hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga.

Kafin a raɗa suna, a fahimci larurar. Ƙotocin da, an sassaƙa su ne don saitin ƙarfe, wato 'yan ƙarafan da ake auna abin harbi da su, wanda yake maƙale kusa da bututu. Shi kuwa madubi sama yake zama, kusan santimita 4 daga tsakiyar bututun, wani ma ya fi haka. Ka kwantar da kunci yadda aka saba, ido na ƙasa, duhu kawai za ka gani. Dole ka ɗaga kai, kunci ya rabu da katako, haɓa kaɗai ke taɓawa. Daga nan kai ya shiga lilo, baƙar inuwa ta riƙa leƙowa daga gefen madubi, kowane harbi ido na wani wuri dabam. Sai harsasai su warwatsu, a ɗora wa bindiga laifin da ba nata ba.

Gyaran ya daɗe. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila ta zaɓi wasu bindigogin Lee-Enfield, dangin waɗanda kakanninmu suka riƙe a yaƙin Bama, aka ɗora musu madubi a kamfanin Holland & Holland na Landan, aka kuma ɗaure guntun katako a kan ƙotar da kusoshi. Su kuwa Amurkawa, tudun fata suka ɗinka wa bindigarsu M1 Garand, mai igiyar ɗauri. Bindigar Dragunov ta Tarayyar Sobiyet, wadda ta shiga aiki a 1963, nata ana cirewa in za a koma saitin ƙarfe. Bindigar maharbanmu ta toka ba ta san madubi ba, shi ya sa muka gaji ƙota da kunama a bakinsu, amma ba mu gaji sunan wannan ba.

Wani ɗan uwa ya kawo "matokarin haɓa". Malam, a yi haƙuri, wannan kam ba zan karɓa ba. Dogaro da haɓa shi ne ainihin cutar da ake magani, ka ga sunan zai koya wa ɗan koyo kuskure tun ranar farko.

An kawo "gammon ƙota". Yana da daɗin faɗi, sai dai gammo sauƙaƙa nauyi yake yi, ba ɗaga ido ba. "Tagumi" ma an ambata, amma da hannu ake yin sa, kuma damuwa yake tunawa mutum.

Ni "matashin kunci" na zaɓa, bisa tsarin matashin kai. Na ji ƙorafin cewa matashi laushi gare shi, alhali wannan sau da yawa katako ne ko roba mai tauri. Gaskiya ne. Amma babban aikin matashi shi ne ya tashi kai zuwa inda ya dace ya kuma riƙe shi a nan, kuma duk Bahaushen da ya ji sunan zai gane abin da ake nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wanda ake murɗa noti a ɗaga ko a sauke, irin na 'yan gasar Olamfik masu harbin mita 10 da bindigar iska, sai mu ce matashin kunci mai hawa da sauka. Ainihin wurin da kunci ke kwanciya a jikin ƙota, ko da ba a ƙara komai ba, mu bar shi da "makwancin kunci", kada a cakuɗa su.

Ga yadda zai zauna a magana. A tabbatar babu harsashi a cikin bindigar. Ka rufe ido, ka kafa ƙota a kafaɗa, ka saki nauyin kai a kan matashin kunci, sannan ka buɗe. In ka ga da'irar madubi cif, ba inuwa, ya yi. In sai ka miƙe wuya, ƙara masa tudu. Kada dai ya yi tsawon da zai tare ƙarfen da ake ja baya wajen ɗana harsashi.