Kwarashi ya samu suna, ita kuma wannan saƙar fa?

Mai tambaya, Tudun Wada, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu saƙa da masu sha'awarta. Ina neman sunan Hausa na saƙar nan da Bature yake kira "knitting", wadda ake yi da dogayen ƙarafa masu tsini, ba mai ƙugiya ba. Kada a ce mini ai saƙa ce, na sani. Abin da ya dame ni shi ne kalmar saƙa ta ɗauki kaya da yawa a wurinmu. Mai gwado saƙa yake yi, mai tabarma saƙa, mai faifai saƙa, mai zana saƙa, har gizo-gizo ma saƙa. Ta ƙugiya ta huta, tun tuni aka ce mata kwarashi kuma kowa ya gane. Tamu ce take yawo babu suna.

Ni ba sana'ata ba ce, sha'awa ce. Bayan isha'i nake ɗaukar zarena, ran Asabar kuma yaran maƙwabta su zo in nuna musu. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa wajen ƙarshen Nuwamba, dangi sai su taso: hula, safa, rigar sanyin jariri. Uwa za ta ce "a saƙa mini", ba ta faɗi wace ba, alhali ba ɗaya ba ne. Aikin kwarashi ya fi kauri da tauri, ya kuma fi cin zare. Wannan kuwa tana miƙewa ta koma, shi ya sa wuyan riga yake wuce kan yaro ba tare da kuka ba. In babu suna, ta yaya za a yi ciniki, balle koyarwa?

Daga Rigasa:
Wa alaikumus salam Anti. Mu dai saƙar ulu muke cewa a gidanmu.

Mai tambaya:
Na gode ƙanwata, amma ulu sunan zare ne, kuma mai kwarashi ma da shi take aiki. Sannan yawancin abin da muke saye a Kasuwar Gumi da sunan ulu ba gashin tumaki ba ne, akirilik ne, ɗan uwan roba. Yanki ɗan guntu ki kusantar da shi ga ashana: in ya narke ya dunƙule baƙi da tauri, roba ce. Ulu na gaskiya warin babbaka yake yi, tokarsa kuma ta murmushe a yatsa. Ƙari a kan haka, tsofaffin kayan irin wannan saƙa da aka tono a Masar, na wajen ƙarni na 11 zuwa na 13, safa ce ta auduga, fari da shuɗi. Ke nan ba daidai ba ne mu ɗaure sunan a wuyan ulu, tunda da audugarmu ma ana yi.

Ɗaliba, Malali:
Anti, me zai hana mu ara kawai mu ce "nitin"? Ai kwarashi ma aro ne, suwaita aro, ulu aro. Ko mu ce saƙar hannu.

Mai tambaya:
Ba na gaba da aro ko kaɗan. Amma kwarashi ba wani ne ya zauna ya zartar da shi ba, bakin mata ne ya tauna shi har ya yi laushi. Ban taɓa jin wata uwa ta ce a yi mata nitin ba. Saƙar hannu kuwa ta haɗa har da mai tabarma.

Malamar koyar da sana'a, Unguwar Sarki:
Ƙanwata, sunan yana nan, ba a dai yaɗa shi ba ne. Wadda ta koya mini kibiya take ce wa ƙarfen, aikin kuma saƙar kibiya. Ni ma haka nake faɗa wa ɗalibaina, kuma ban ga wadda ta rikice ba. Duk macen Bahaushiya ta san kibiyar tsifa, siririya mai tsini, a hannunta ta girma. Sai ya zama saƙar kwarashi ga ta, saƙar kibiya ga ta, kowace an kira ta da makaminta. Na ji wasu na cewa saƙar tsinke biyu. Ban so shi ba, domin lissafin ba ya tsayawa a biyu. Mai safa da huɗu ko biyar take aiki, gajeru masu tsini ta kowane gefe. Akwai kuma mai igiya a tsakiya wadda ake zagaye hula da ita babu ɗinki. Tsinke kuma ya yi wa tsire da sakace hidima, a bar shi ya huta.

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri:
'Yata, ku ba tsoho wuri. Na yi ƙuruciyata a masaƙun Kakuri, unguwar da masaƙar farko ta fara aiki a 1957, sauran suka biyo baya a shekarun 1960. Abin da yake ci mini rai har yau shi ne a can sashen da ake mai da auduga zare "sifinin" muke ce masa, na saƙa kuma "wibin", alhali iyayenmu mata suna gida da mazari a hannu suna kaɗi. Kalmar tana cikin ɗakinmu muka tsallake ta. Don haka na ji daɗin wannan magana.

Amma ina da ja a kan kibiya. Singiletin da ke jikina irin wannan saƙar ce, safar ƙafata ma haka, kuma babu kibiyar da ta taɓa su. Mata nawa ne a garin nan suke da injin saƙa a ɗaki suna fitar da kayan sanyin yara? Su ma wannan ɗin suke yi. Injin irinta ba sabon abu ba ne, tun 1589 wani Bature a Ingila, William Lee, ya ƙera na safa. In kun kira aikin da sunan ƙarfe, ranar da aka ajiye ƙarfen sunan ya faɗi.

Ku dubi ƙirar abin. Saƙar masaƙi zare kashi biyu ne: an yi wadari an miƙe na tsaye, ƙoshiya tana ɗauke da na kwance tana shiga tana fita. Shi ya sa gwado ba ya miƙewa. Taku kuwa zare ɗaya ne tal, an lanƙwasa shi ya zarga cikin ɗan uwansa, wancan ma ya zarga cikin na ƙasa da shi. Ja bakin zaren ka ga riga ta warware tas. Ni da za a bi tawa, saƙar zarge za a ce, ta hannu da ta inji duka.

Malamar sana'a:
Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya fita. Sai dai kwarashi ma zarge ne. Bambancinsu shi ne mai kwarashi zarge ɗaya ne a raye a kan ƙugiyarta, in ta ajiye aiki ba abin da zai same shi. Mai kibiya kuwa sittin ko ɗari ne jere a kan ƙarfe, duk a buɗe, ɗaya ya zame sai ya tsere ƙasa ya bar tsani. Ga shi kuma kunnen Bahaushe in ya ji zarge, wuya yake tunawa ko tarkon tsuntsu. Uwa ba za ta so a ce an yi wa jaririnta hular zarge ba.

Tsohon ma'aikacin masaƙa:
Wannan ta ƙarshen ta kama ni, Malama. To ku riƙe kibiyarku, amma ta inji a ce saƙar inji, kada a haɗa.

Mai tambaya:
Baba, mun karɓa. Maganarka ta tono mini wadda ta fi ta farko wuya. Shi wannan ɗan lanƙwason da ke zaune a kan kibiya, wanda muke ƙirgawa, me sunansa? Yara suna ce masa sarƙa, amma sarƙa ta kwarashi ce, jerin farko da ake kafa aiki a kansa. Ni ido nake cewa, kamar yadda masunci yake cewa idon raga. Yana da rami, ana ƙirga shi, kuma ana cewa ya yi faɗi ko ya matse. "Ɗora ido sittin." "Ido ya zame." "Haɗa ido biyu." Duk sun zauna a baki.

Sai manyan biyun da duk saƙar kibiya ta tsaya a kansu, waɗanda littattafan Turawa suke kira "knit" da "purl". A na farko zare yana bayan aiki, ki soka kibiya ta gaban ido ki jawo sabo zuwa gare ki, sai ya fito sumul kamar ƙaramin harafin V. A na biyu zare yana gaba, ki tura sabon ido baya, sai ɗan ƙullutu ya fito yana kallonki. Abin da nake so yara su gane tun ranar farko shi ne ba abu biyu ba ne. Juya aikin ki duba: bayan na farko shi ne na biyu. Saboda haka nake ba da shawarar fuska da baibai. Wanda ya taɓa sa riga a baibai ba ya bukatar ƙarin bayani.

Daga Rigasa:
Anti, mu gaba da baya muke cewa.

Mai tambaya:
Ina gudunsa ne don riga ma tana da gaba da baya. In na ce wa yarinya "yi baya a gaba", na ɗaure mata kai. In na ce "a gaban rigar, fuska biyu baibai biyu", ta san bakin riga mai roba nake nufi, wanda yake kama hannu.

Malamar sana'a:
Fuska da baibai sun yi, zan gwada su a aji. Za su ma sauƙaƙa mini bayanin abin da yake ba sababbi haushi: layin fuska, layin baibai, ana maimaitawa, gefen sai ya nannaɗe. Ba laifin hannu ba ne, halin saƙar ne, maganinsa a yi mata baki.

Daga Kawo, a madadin mahaifiyata:
Na karanta wa Hajiya duk abin da aka rubuta, ta ce in gaishe ku, in kuma tambaya ko cikinku akwai mai kaɗi, ko duk na kanti kuke saye.

Mai tambaya:
Ki gaishe mini da Hajiya da kyau, ki ce mata akwai. A hannun kakata na koya, mazarinta ne ma a wurina, gululunsa na yumɓu har ya yi santsi. A wannan fannin babu mai bin Hausa bashi: gurza a kan magurji a fitar da angurya, shiɓa, sutu, alli a yatsa don kada mazari ya zame, taskira a ƙasa yana juyawa a ciki. Taskirar nan ba ado ba ce. Gashin auduga gajere ne, in aka bar mazari yana lilo a iska nauyinsa zai tsinke zaren kafin murɗi ya kama shi. Masu kaɗa ulu a Turai suna sakin nasu yana reto domin gashin tunkiya dogo ne.

Inda na tsaya shi ne nan. Zaren da ya sauko daga mazari sili ɗaya ne, murɗinsa duk gefe guda. In na hau kibiya da shi haka, saƙar sai ta karkace. Dole in haɗa sili biyu in murɗa su ta ɗaya gefen, su daidaita juna. Bature "ply" yake cewa, har a jikin takardar zare ana rubutawa. Ki tambayar mini Hajiya me suke ce masa.

Daga Kawo:
Ta ce me ya kai ku nesa, ai tufka ce. Ta ce mai igiyar rama abin da yake yi ke nan a cinyarsa: kowane sili ya sha murɗinsa, sannan a haɗa su a juya su baya. In kin kaɗa zuwa dama, ki tufka zuwa hagu. Ta ƙara da cewa kada ki kira kowane zaren hannu abawa, abawa mai kaurin ce.

Mai tambaya:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ya ƙara mata lafiya. Zare mai tufka biyu, mai tufka uku, mai tufka huɗu. Wannan ba ƙirƙira ba ce ma, mai da kaya ne ɗakinsu.

To bari mu ɗora su a kan aiki mu ga ko za su ɗauka. Ga hular jariri sabon haihuwa, da zare matsakaici da kibiya mai kaurin milimita 4. Ɗora ido 64. Yi fuska biyu baibai biyu har bakin ya kai santimita 4. Daga nan layin fuska, layin baibai, har tsawon duka ya kai santimita 10. A layin fuska na gaba, saƙa shida ki haɗa biyu, haka har ƙarshe, ki dawo da baibai. Na gaba saƙa biyar ki haɗa biyu, na gaba huɗu, kina sauka har ido 8 su rage. Yanke zare da tsawo, zura shi cikinsu da allura ki tsuke, sannan ki ɗinke gefen.

Don Allah wadda ba ta taɓa bin rubutaccen tsari ba ita nake so ta gwada, ta faɗa mana inda ta tsaya.

Ɗaliba, Malali:
Anti, na karanta wa yayata, ta gane komai sai wuri ɗaya. Ta ce hannunta sakakke ne, ido 64 nata zai fi naki faɗi. Shi ɗan gwajin nan da ake fara saƙawa a auna ido nawa ne a santimita 10, me za mu ce masa?

Malamar sana'a:
Awon hannu nake ce masa a aji, amma ban rantse a kansa ba, tela ma yana da awon hannu. Ki ce wa yayarki in idonta bai kai 22 a santimita 10 ba, ta sauka zuwa kibiya mai milimita 3.5 kafin ta ɗora hular.