Shin da gaske ne an samu allurar rigakafin sankarar hanta da hanji?

Ɗan Fagge:

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan da rasuwar yayana, yana da shekara 43, bayan likitoci sun tabbatar mana cewa sankarar hanta ce. Har yau ina tuna yadda cikinsa ya kumbura har riga ta daina shigarsa, idanunsa suka yi ɗorawa, mu kuwa muna ta ba shi jiƙon shawara da zaton abin zai wuce. A makon nan aka turo mini labari ta WhatsApp cewa Turawa sun gano allurar rigakafin sankarar ciki da hanji. Ina roƙon masana su fayyace mini gaskiyar maganar, domin marigayin ya bar 'ya'ya biyar a hannuna, kuma iyalina tana da juna biyu wata takwas.

Likitan Ciki:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa da rahama, ya ba ku haƙurin rashi. Malam, allurar da ta fi shafar gidanku ba sabuwa ba ce, kuma ba sai an je Turai ba. Mafi yawan sankarar hanta da muke gani a nan tana farawa ne daga ƙwayar cutar Hepatitis B, wadda kan zauna a hanta shekaru ashirin ko talatin tana yi mata illa ba tare da mutum ya ji komai ba. Rigakafin wannan ƙwayar shi ne rigakafin sankarar. Taiwan ta fara yi wa jarirai allurar a 1984, kuma binciken da aka wallafa a 1997 ya nuna sankarar hanta ta ragu sosai a tsakanin yaran ƙasar. Gambiya ta soma nata gwajin a 1986, Najeriya kuma ta shigar da allurar cikin rigakafin yara a 2004.

Shawarata ita ce ka fara da gwajin jini, kai da 'yan'uwanka da kuke ciki ɗaya, da matar marigayin da yaransa, domin cutar kan bi gida ta hanyar haihuwa da jini, har da askar wanzami idan ba a sauya ta. Wanda aka samu ba ya ɗauke da ita sai a yi masa allura uku: ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida. Wanda kuwa ya riga ya kamu, allurar ba za ta amfane shi ba. Abin da yake bukata shi ne likita ya riƙa duba hantarsa da hoton ciki da gwajin jini a kai a kai, ya kuma ɗora shi a kan magani irin tenofovir idan hali ya kai ga haka.

Ungozoma:

Yayana, maganar cikin da matarka ke ɗauke da shi ce ta sa na saka baki. Jaririn da ya kamu da Hepatitis B wajen haihuwa, kusan tara cikin goma cutar kan zauna musu har girma, alhali babban da ya kamu yawanci jikinsa kan kore ta. Shi ya sa ake so a yi wa jariri allurar farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma su biyo baya a sati 6 da 10 da 14. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai a haihu a gida, kakanni su ce jinjiri ba zai leƙa waje ba sai an yi suna, a kawo mana shi cibiya ta riga ta faɗi. Ka nemi a gwada matarka tun yanzu a wajen awo, kuma ko da dare ta sauka, ka tabbata awa 24 ba ta cika ba sai an yi wa yaron allurar.

Ɗalibin Kimiyya:

Labarin da aka turo maka ina jin ya samo asali ne daga wani nau'in allura daban, wadda ake yi wa wanda ya riga ya kamu da sankara don koya wa garkuwar jikinsa gane ƙwayoyin sankarar. A 2023 likitocin cibiyar Memorial Sloan Kettering da ke New York, tare da kamfanin BioNTech na Jamus, suka bayyana sakamakon gwaji a kan sankarar fankiriyas, gaɓar da ke samar da insulin. Bayan an yi tiyata, sai a nazarci ƙarin da aka cire a haɗa wa kowane majiyyaci allurar mRNA tasa shi kaɗai, wato allura mai ɗauke da saƙon da ke nuna wa jiki alamomin ƙarin. Mutum 16 aka yi wa, garkuwar jikin 8 ta amsa, kuma su ne suka fi daɗewa cutar ba ta dawo ba. Abin ƙarfafa gwiwa ne ƙwarai, amma mutum 16 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma an haɗa musu da wasu magungunan sankara. Duk wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan allura a kemis, kuɗinka yake nema.

Sankarar tumbi kuwa tana da alaƙa da Helicobacter pylori, ƙwayar da ke haddasa gyambon ciki, wadda ba ta da rigakafin da aka amince da shi, sai dai a kashe ta da magunguna bayan gwaji. Allurar rigakafin ƙwayar cutar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Oktoban 2023 saboda sankarar bakin mahaifa, tana kariya daga ƙwayar da ke jawo mafi yawan sankarar dubura.

Ɗan Fagge:

Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Na yi magana da Hajiyarmu, ta amince gaba ɗayanmu mu je gwajin ranar Litinin, kuma ta ce ita da kanta za ta ɗauki jaririn zuwa asibiti idan Allah ya sauki iyalina lafiya.