Neman shawara: yaya zan dawo da zaman malamai a makarantarmu alhali babu kuɗin zama?

Hedimasta, yankin Darazo

Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Shawara nake nema, don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Ba a daɗe da ba ni riƙon wata firamare a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Darazo ba. Mu tara ne, har da malamin Arabiyya da wata 'yar sa-kai. Waɗanda suka koyar a jihar nan lokacin NEI Plus, shirin inganta karatun yaran firamare wanda aka gudanar a Bauchi da Sakkwato, za su tuna yadda ake zama kan littattafan Mu Karanta. Malaman aji ɗaya zuwa uku su haɗu, wannan ya gwada yadda yake koyar da sautin harafi, wancan ya ƙara masa dabara. A makarantarmu dai, da shirin ya ƙare zaman ma ya bi shi. Yanzu malamin aji huɗu kullum kuka yake an turo masa yaran da ba sa iya haɗa baƙi da wasali, malamar aji uku ta ce ita ma haka ta karɓe su daga aji biyu, kuma su ukun ba su taɓa zama wuri ɗaya da littafin yaro a gabansu ba. Abin nan yana damuna ƙwarai, domin yaran ne ke kwana a ciki.

Da na kawo maganar a dawo da zaman, tambayar farko ita ce, "Akwai kuɗin zama?" Babu. Wani dattijonmu, wanda ya riƙe alli tun ina ɗan firamare, ya ce ba yaron da zai zauna a bayan ajinsa da biro yana lissafa masa kurakurai. Mata sun ce bayan tashi ba zai yiwu ba saboda girki da yara, maza biyu kuma daga gari suke zuwa a babur. Ta ina zan fara? Ko in bar kowa da ajinsa?

Malamar aji biyu, Azare

Wa alaikumus salam. Ƙanina, kada ka bari. Amma ka daina cewa za a duba koyarwar malami, a nan ne mutane ke janye jiki. Ka ce kowa ya zo da littattafan yara biyar daga ajinsa: biyu masu ƙoƙari, ɗaya tsaka-tsaki, biyu da ke baya.

Haka muka fara a tamu. Ranar da muka baje littattafan a kan benci sai ga abu ɗaya yana ta maimaituwa daga aji biyu har aji huɗu. An ba yaro 42 a cire 17, ya rubuta 35. Ba yaro ɗaya ba, ba biyu ba. Muka zuba ido muna neman inda 35 ta fito, sai wata malama ta gano: yaron yana cire ƙarami daga babba ne a kowane layi, 2 daga 7 ya sami 5, 1 daga 4 ya sami 3. Ashe ba rashin kai ba ne, yana da tasa ƙa'idar da yake bi, aro ne bai zauna masa ba. Muka yarda duk mu koma kan ƙullin tsinke goma-goma, yaro ya kwance ƙulli ɗaya da hannunsa ya ga yadda goma ta koma ɗaiɗai kafin ya cire bakwai. Mako biyu muka sake kawo littattafan yaran nan dai domin mu ga ko 25 ta fara fitowa.

Ka lura, a duk zaman nan ba wanda aka ce ya gaza. Da an fara da "malamar aji biyu ba ta koyar da aro ba", wallahi da ban sake zuwa ba.

Malamin lissafi, Gombe

Na goyi bayan Malama. Zan ƙara da abin da aka koyar a SMASE, shirin ƙarfafa koyar da lissafi da kimiyya, wanda aka fara a Najeriya a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, a jihohin Kaduna, Neja da Filato. A Japan malamai sun daɗe da al'adar nazarin darasi: su tsara darasi ɗaya tare, mutum ɗaya ya koyar, sauran su tsaya a gefe suna kallon yara, wa ya gane, wa ya ɓace, a wace gaɓa, sannan a zauna a gyara darasin. Tunda tare aka tsara shi, in bai tafi daidai ba na kowa ne.

Yallaɓai, kai za ka fara koyarwa su kalle ka. Kada ka zaɓi darasin da ka fi iyawa. In sun ga hedimasta ya tsaya gaban yara saba'in yana gumi, kuma ya saurari gyara bai ɓata rai ba, na biyu ba zai yi wuyar samuwa ba.

Malami, Alkaleri

Ni kam ina da ja. Kada a mai da mai tambayar kuɗin zama kamar wani makwaɗaici. Mutumin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ya sha mai a babur, ya tarar da aji cike yara a ƙasa, da damina kuma gonarsa ce ke ciyar da gidansa, in ya tambayi kuɗi gaskiyarsa ce. Kuma mun saba gani: in bita mai alawus ta zo, fuskokin nan dai ake turawa, in zaman kyauta ne sai a tuna da kowa. Wannan ne ya kashe wa mutane gwiwa, ba ƙin ilimi ba.

In har za ka yi, to ka yi adalci a wajen tura mutane bita, a riƙa karɓa-karɓa kowa ya sani. Sannan kada zaman ya haifo sabon fom da za a cike. Rajista da tsarin darasi da rubuta sakamako sun ishe mu.

Tsohon sufeton makarantu, Misau

Ɗana, na karanta bayaninka da na 'yan'uwanka. Maganar ta Alkaleri ka riƙe ta da kyau, gaskiya ya faɗa. Ni a kan dattijon nan zan tsaya.

Mutumin da ya shekara talatin a aji, abin da ya sani game da baƙo a bayan aji shi ne sufeto, kuma na san abin da zuwanmu yake sa wa malami a zuci. Mu shigo da fayil, mu duba tsarin darasi, mu rubuta, mu tafi. Saboda haka in ka ce masa "za mu shigo ajinka", abin da kunnensa ya ji daban ne da abin da bakinka ya faɗa. Kada ka sake ta da maganar a gaban jama'a. Ka same shi a gida bayan la'asar, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, yaran aji uku sun gagare mu a karatu, ku da kuka ga jiya kuka ga yau, yaya kuke yi da irinsu?" Za ka sha mamakin abin da zai fito da shi. Malaman da suka fito daga kwalejojin horon malamai na da, masu Grade II, an gasa su a kan rubutun allo, da waƙoƙin haruffa, da yadda ake riƙe aji babba ba tare da bulala ba. Yawancin masu NCE na yanzu ba su sami wannan gogewar ba, su kuma suna da sababbin dabarun da shi bai sani ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka roƙe shi ya shugabanci zaman, kai ka zauna a benci kamar kowa.

Abu na biyu, kuma kada ka saɓa shi ko sau ɗaya: abin da aka faɗa a zaman ba ya shiga fayil ɗin kowa, ba ya zuwa kunnen sakataren ilimi, ba ya shafar ƙarin girma. Ranar da malama ta ce "ni ban iya koyar da kashi-kashi ba" sannan ta ji maganar a ofis, zaman ya mutu, ba kuma zai tashi ba.

Jami'ar tallafa wa makarantu, Bauchi

Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Malam, ka sa zaman cikin jadawalin makaranta, a lokacin aiki, minti arba'in sau ɗaya a mako biyu ya isa a farko. Ka sanar da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a rubuce, kada wani ya zo ya tarar da ku a zaune ya ɗauka hira kuke. Ka kuma shaida wa kwamitin SBMC, wato kwamitin al'umma mai kula da makaranta, domin iyaye su san dalili. Su ne ma za su iya taimakawa da kwali da biron maka da ɗan ruwan sha.

Duk wanda ya je bita, zaman da ke biye nasa ne, ya gwada abin da ya koyo da yara na gaske, ba ya karanto takarda ba. In abin ya kankama sai ka nemi makarantu biyu ko uku da ke kusa ku riƙa haɗuwa sau ɗaya a zango, domin mai koyar da aji ɗaya shi kaɗai a makarantarsa ya sami takwaransa. WhatsApp yana taimakawa wajen tura hoton allo ko muryar waƙar harafi, sai dai ba kowa ke da babbar waya ba, kada ya zama nan ne ake yanke magana.

Hedimasta, yankin Darazo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, insha Allahu zan je gidan dattijon namu kafin in sake cewa komai. Zan fara da littattafan yara, a kan karatun aji biyu zuwa huɗu, kuma zan liƙa jerin karɓa-karɓar bita a ofis kowa ya gani. Saura abu ɗaya: in zaman yana cikin lokacin aiki, wa zai riƙe yaran? Ba mu da katanga, kuma hanyar mota ce a gabanmu.

Malamar aji biyu, Azare

Kada ku zauna gaba ɗaya. Ku kasu biyu. Wannan makon malaman ƙananan azuzuwa su zauna bayan an dawo tara, sauran su tara yara a inuwa, 'yan aji shida su karanta wa ƙanana labari, malamin Arabiyya ya ja wasu da tilawa. Mako mai zuwa a juya. Malamin aji huɗu dai ka sa shi a rukunin ƙanana, tunda shi ke karɓar yaransu. Kuma ka duba ranar kasuwar garinku ka kauce mata, ranar rabin yaran ma ba sa zuwa, littattafan da kuke nema suna gida.