Shafin sakamakon jarrabawa yana nauyi: JOIN zan yi ko ƙarin ƙarfin saba?

Ɗan Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Assalamu alaikum. Na gina wa wata makarantar sakandare mai zaman kanta a nan Katsina manhajar duba sakamakon jarrabawa da Laravel (kayan gina manhajar yanar gizo) da MySQL (rumbun adana bayanai). Shafin da yake nuna ɗalibai 600 tare da makinsu yana daɗewa kafin ya buɗe, musamman a ƙarshen zango, lokacin da iyaye ma suke shiga ta waya. Shin in haɗa teburorin bayanai a tambaya ɗaya da JOIN, ko kuwa in ƙara wa sabar, wato kwamfutar da take ɗauke da manhajar, ƙarfi?

Baban Khalifa, Daura:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka kashe ko sisi a kan saba tukuna, ka fara ƙirga tambayoyin da shafin yake aika wa rumbun bayanai, Laravel Debugbar zai nuna maka su. Ina kyautata zaton kana ɗauko ɗaliban da tambaya ɗaya, sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya kana neman makin kowa, ka ga tambayoyi sun zama 601 ke nan. Wannan ita ce matsalar da ake kira N+1, tamkar ka aiki yaro kasuwa sau 600 ne, kowace tafiya ya sayo tumatir guda. Idan ka sa with() a Eloquent, wato sashen Laravel da yake magana da rumbun bayanai, zai ɗauko makin kowa a tare, tambayoyi biyu kacal za su wadatar. JOIN ma zai yi, sai dai idan kowane ɗalibi yana da darussa 9, layuka 5,400 za su dawo maka, kuma bayanan kowane yaro za su maimaitu sau tara.

Maman Ilham, Ƙofar Marusa:
Na yarda da Baban Khalifa, amma ina ganin babu malamin da yake buƙatar ɗalibai 600 a shafi guda. Ka rarraba su aji-aji, ko 50-50 da paginate(), kuma ka daina SELECT *, domin yana kwaso har abin da shafin ba ya nunawa. Bayan haka ka sa EXPLAIN a gaban tambayar, zai nuna maka yadda MySQL yake neman amsarta. Idan ka ga ALL a ƙarƙashin type, to MySQL yana karanta teburin ne kaf, sai ka yi fihirisa (index, wato jerin da yake saurin kai MySQL ga layin da ake nema) a kan lambar ɗalibi da zango a haɗe. Kada dai ka cika fihirisa, saboda kowace tana rage saurin shigar da maki.

Ɗan Ƙofar Ƙaura, Katsina:
Na gode, Allah ya ƙara ilimi. Yaya batun Redis kuwa, wato ma'ajiyar wucin gadi da ake ajiye amsa a ciki don kada a sake tambayar rumbun bayanai?

Baban Khalifa, Daura:
Ka bar shi sai ka gama waɗancan gyare-gyaren. Sakamakon da aka riga aka rufe ya dace da ma'ajiyar wucin gadi tunda ba ya canzawa, amma wajibi ne manhajar ta goge abin da ta ajiye duk lokacin da malami ya gyara maki, in ba haka ba uba zai ga tsohon makin ɗansa alhali makaranta ta riga ta gyara.