MCP4725 ya tsaya a 2.5V, ya ƙi motsawa ko na canza lamba

Sani_Lantarki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so Arduino Uno ya riƙa sarrafa gudun injin ta hanyar VFD, wato na'urar da ke canza gudun injin lantarki, mai karɓar 0 zuwa 10V. analogWrite bai yi ba, sai na sayo ƙaramin allon MCP4725, wato DAC mai mayar da lamba zuwa ƙarfin wuta. Na haɗa SDA a A4, SCL a A5, VCC a 5V, GND a GND. Na sa laburaren Adafruit da begin(0x62). Ko wace lamba na tura, mita 2.5V take nunawa, ko gezau. IC ɗin ne ya mutu? Kuma ta yaya zan kai shi 10V?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sani. IC ɗinka lafiya lau yake, maganarka ce ba ta isa gare shi. Yana da EEPROM a ciki, wato ma'ajiyar da ba ta mantuwa ko an ɗauke wuta, kuma daga masana'anta 2048 aka rubuta a wurin, wato rabin matakai 4096 da yake da su. Da zarar wuta ta shiga sai ya ɗauko wannan lambar ya fitar da rabin VCC. Ka ga inda 2.5V ɗinka ta fito.

Adireshin nake zargi. 0x62 na allon Adafruit ne, amma da yawa daga allunan da ke kasuwa 0x60 suke amsawa, ko 0x61 idan ƙafar A0 tana haɗe da VCC. Kada ka tsaya canki-canka: loda i2c_scanner, kod ɗin da ke gano adireshin allon, ka buɗe Serial Monitor, adireshin da ya bayyana shi za ka sa. In bai nuna komai ba, duba ko ka juya SDA da SCL, sannan ka tabbata kowannensu na da rizista 4.7k zuwa VCC. Yawancin allunan da ita suke zuwa.

Ga wani tarkon idan da laburaren Wire kake rubutawa kai tsaye. Bayan umarnin 0x40, bayit na farko shi ne lamba >> 4, na biyu (lamba & 15) << 4. Wanda ya raba ta takwas-takwas zai ga wuta tana tsalle ba kan gado.

Hauwa_Tech:
Ƙari a kan bayanin Injiniya, game da 10V. MCP4725 ba ya wuce wutar da ka ba shi, lissafinsa VCC sau lamba raba 4096 ne. Sai ka ninka da LM358, IC mai ƙara ƙarfin wuta. Fitar DAC ta shiga ƙafa ta 3. Rizista 10k daga ƙafa ta 2 zuwa GND, wata 10k daga ƙafa ta 2 zuwa ƙafa ta 1. Ƙafa ta 1 ce za ta tafi VFD. Ƙafa ta 4 GND, ta 8 kuma 12V. Kada ka ba shi 10V kana tsammanin 10V, domin LM358 yana tsayawa kamar 1.5V ƙasa da abin da ya samu.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne VCC ɗin shi ne ma'aunin DAC ɗin gaba ɗaya. Idan kebul ɗin USB yana ba ka 4.7V, 4095 za ta zama kusan 9.4V bayan ninkawa, injin da ka sa wa iyaka 50Hz ya tsaya a 47Hz, kai kuma kana ta neman kuskure a cikin kod. Ba MCP4725 tsayayyen 5V, ka manna kafasita 0.1µF da 10µF dab da ƙafar VCC. In kana son daidaito sosai, jera ƙaramar rizista mai juyawa ta 2k da ta tsakanin ƙafa 1 da 2, ka tura 4095, ka juya har mita ta nuna 10.0V.

Sani_Lantarki:
Allah ya saka da alheri. 0x60 ne kuwa, yanzu yana bin lamba. Sai dai da na kunna wuta injin yakan zabura kafin Arduino ya farka.

Injiniya_Bala:
Wannan 2048 ɗin ce dai. An ninka 2.5V ta zama 5V, VFD ya ɗauka rabin gudu kake so. A kan injin niƙa ko abin da ke da bel, wannan ba abin wasa ba ne. Tura setVoltage(0, true) sau ɗaya tak, true ɗin ke sa sifili ya zauna a EEPROM, sannan ka cire layin daga kod. A cikin loop kullum false za ka sa. Rubutun EEPROM yana cin har 50ms, kuma yana da iyakar yawan rubutu. Ka bar true a loop, ka cinye shi a banza. Umarnin tashin VFD ma ya fito daga Arduino ta rile, kada ka bar shi a haɗe dindindin.

Sai wayar da ke zuwa VFD. Haɗa GND ɗinka da GND na ɓangaren analog, wasu ACM suke rubutawa. Yi amfani da waya mai rigar ƙarfe, ka haɗa rigar a gefe ɗaya kawai, kuma kada ta bi bututu ɗaya da wayoyin U, V, W masu zuwa injin, in ba haka ba za ka ga Hz na rawa a fuskar VFD. Duba kuma ko an saita shigar a 0–10V ba 4–20mA ba, wasu da ɗan jamfa ake canzawa a ƙarƙashin murfi.