Mai moto ya banke ɗana a ƙofar makaranta: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Maman 'yan biyu, Garwa
Assalamu alaikum. Ranar Litinin mai moto, wato babur, ya banke ɗana ɗan shekara 8 a bakin makarantarsu, wajen bakwai da kwata, lokacin da yara ke rububin shiga kafin a rufe ƙofa. Ƙafar hagu ta karye. Farin zanen tsallakawa yana wurin, amma ya goge, sai ɗan unguwa ne zai gane shi. Mai moton ya ce yaron ne ya faɗo titi da gudu. Jiya dattawansu suka zo da goro da sefa dubu 30, wai ƙaddara ce. Maigida yana son ya karɓa a rufe magana. Ni zuciyata ba ta kwanta ba.

Baban Gambo, Marwa
Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ni na karɓa, shi ya sa nake magana. 'Yata ce tasi ta buge a Domayo. Liman ya zo, mai unguwa ya zo, na ji kunyar idonsu na ce na yafe. Bayan wata huɗu ƙashin ya haɗe a karkace, aka ce sai an sake aiki. Na nemi direban, wayarsa a kashe. Na je ofishin inshora, tambayar farko: ina takardar 'yan sanda ta ranar haɗarin? Babu. Shanuna biyu suka tafi.

Tsohon ma'aikacin inshora, Ngaundare
'Yar'uwa, maganar "yaron ne ya faɗo" ita ce na fi ji a shekarun aikina, kuma ba ta hana a biya ku. Kamaru da Cadi duk suna bin dokar inshora ta CIMA, ƙungiyar wasu ƙasashen Afirka kan harkar inshora, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992. Sashe na 228 ya ce wanda abin hawa mai inji ya ji wa rauni, in dai ba shi ne direba ba, ana biyan sa diyyar raunin ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba. Sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Ɗan shekara 8 mai tsoron bulalar makara bai nemi karaya ba. Ko kan zane ya tsallaka ko nesa da shi, haƙƙinsa na nan.

Inda mutanenmu ke faɗuwa takardu ne. Ku je komiseriya, wato ofishin 'yan sanda, ko wurin jandarma a rubuta PV, wato takardar rahoton haɗarin. Ku karɓi takardar likita mai faɗin irin raunin da kwanakin jinya. Kowane rasit na magani, ko na sefa 500 ne, a ajiye. Na ga uwa ta zo da ledar kwalayen magani wayam tana kuka, ba rasit ko ɗaya, na rasa abin da zan rubuta mata. Sannan a tambaya: moton na da inshora? Sashe na 200 ya wajabta, amma kowa ya san halin masu moton haya. In babu, mai moton da wanda ya ba shi haya ne za ku bi, kuma yawanci hanyar kotu ce.

Ɗan moto, Rumde Ajiya
Baba, gaskiya ka faɗa, amma a ji ta bakinmu. Ƙarfe bakwai na safe kowace uwa ta ɗora maka yara uku ta ce yi sauri. Ka iso ƙofar makaranta, masu ƙosai sun cinye gefen titi, motocin iyaye sun tsaya a kan zanen, yaro ya fito ta bayan mota kamar an harbo shi. Na taɓa goge wata yarinya a haka. Na tsaya, kafin in ɗaga ta an zabga min mari uku. Wannan ne ke sa wasunmu gudu.

Tsohon ma'aikacin inshora
Ɗana, gara marin. Sashe na 289 na dokar laifuka ta Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 5 ga wanda ya kashe ko ya ji rauni bisa sakaci. Sashe na 290 ya ninka hukuncin in direba ya gudu, ko ba shi da lasisi, ko ya yi maye. In ka ji tsoron taro, wuce kai tsaye komiseriya ka kai kanka.

Malama, Kuseri
Mu a bakin hanyar manyan motocin Injamena muke. Mun rubuta wasiƙa sau biyu a yi mana tudun rage gudu, shiru. Yanzu kullum malami ɗaya da maigadi ke tsayawa da jan ƙyalle a sanda, safe da lokacin tashi, a tara yaran a tsallakar da su garke guda. Direbobin tirela na ganin ƙyallen su tsaya. Masu moto ne ke ratsa mu. Ka ji, ɗan Rumde Ajiya?

Ɗan moto
Na ji, Malama.

Maman 'yan biyu
Na gode muku duka. Na karanta wa maigida labarin Baban Gambo, ya yi shiru ya daɗe. Yau da safe ya je komiseriya tare da maigadin makarantar, shi ne ya ga abin da idonsa. Ashe moton na wani ɗan kasuwa ne, kuma inshorarsa ba ta ƙare ba. Goron mun karɓa, kuɗin mun mayar cikin mutunci. Ranar Alhamis za a sake ɗaukar hoton ƙafar.